PS6: 2027 ce ko 2028? Ku zo mu yi lissafi

Ɗan Auta: Salamu alaikum yayyena na wannan guruf, don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina tara kuɗin PS5, injin gem ɗin nan na PlayStation na kamfanin Sony, yanzu sun kusa cika, to jiya wani abokina yake cemin wai kar in yi gangancin saya don PS6 ta kusa fitowa, wai 2026 ɗin nan da zamu shiga ko farkon 2027, in na saya yanzu asara zanyi. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Ku da kuke bibiyar harkar nan yaushe kuke ganin zata fito?

Mai Gidan Gem: Wa alaikumus salam ƙanina. 2026 kam ka cire ta a ranka, babu wannan maganar. Wanda ya faɗa maka a TikTok ya gani.

Na Legas: Bari in kawo lissafin kowa ya duba da idonsa. PS1 ta fito a Japan Disamba 1994. PS2 Maris 2000. PS3 Nuwamba 2006. PS4 Nuwamba 2013. PS5 Nuwamba 2020. Kunga tazara ta farko shekara biyar da ɗan wani abu ce, ta biyu shida da wata takwas, sai bakwai, sai bakwai kuma. To in Sony basu canza hali ba Nuwamba 2027 kenan. Kuma ku lura sau uku a jere Nuwamba suke saki saboda cinikin ƙarshen shekara na Turawa, lokacin da iyaye ke sayawa yara kayan Kirsimeti. Ni dai kuɗina na kan Nuwamba 2027.

Baban Yara: Na Legas lissafinka yayi kyau a takarda amma ni ban yarda ba. 2028 nake gani, kuma ina da hujja ba son rai ba. Lokacin da Microsoft ke shari'a da hukumar FTC ta Amurka a 2023 akan sayen Activision, masu Call of Duty, a cikin takardun da suka miƙa wa kotu sun rubuta cewa suna sa ran sabon zango na injinan gem zai fara ne a 2028. Wannan ba maganar ɗan YouTube bace, takardar kotu ce, kuma kamfani ne da ya kashe kusan dala biliyan 69 a cinikin nan, basa rubuta abu da ka.

Na Legas: Ai Microsoft ne suka faɗa ba Sony ba yaya. Su Microsoft masu injin Xbox suna maganar nasu tsarin ne da hasashensu akan abokin hamayya. Kuma tun 2023 abubuwa nawa suka canza a wajensu? Yanzu fa gem ɗinsu suke kawowa PS5 da kansu, Forza Horizon 5 gata nan ana bugawa a PlayStation, har Gears ta zo. Wanda ya canza hanya haka ba zaka ɗauki takardarsa ta 2023 kace ita ce kalandar Sony ba.

Baban Yara: Na ji. To amsa min wannan, PS5 Pro, wato PS5 ɗin da aka ƙara wa ƙarfi, yaushe ta fito?

Na Legas: 7 ga Nuwamba 2024.

Baban Yara: Yauwa. PS4 Pro ta fito Nuwamba 2016, shekara uku bayan PS4, sannan aka yi shekara huɗu cur kafin PS5. Ita kuwa PS5 Pro shekara huɗu tayi kafin ta fito, kaga tun daga nan komai ya ja baya da shekara guda. In ka bata shekara huɗun da aka ba yayarta ina ka sauka? 2028. Mutum ya cire dala 700 ya sayi Pro sannan bayan shekara uku kace masa ga sabuwa, ai ka ɓata da manyan kwastomominka, don masu sayen Pro sune dai masu rububin sayen PS6 ranar farko.

'Yar Zariya: Ni ina bayan Baban Yara amma ta wata hanyar daban. Ku dubi Nintendo. Injinsu Switch ta fito 3 ga Maris 2017, mutane tun 2021 suke ta cewa gobe Switch Pro jibi Switch 2, kowace shekara sai kaga hoton bogi yana yawo wai ga sabuwar nan. Ba ta fito ba sai 5 ga Yuni 2025, shekara takwas da wata uku. Me ya hana su? Ta farkon tana ta sayuwa ne, mai kaya baya kashe kasuwar da take ci. PS5 ma yanzu ta haura miliyan 80 kuma ana ta saya, to gaggawar me Sony zasu yi.

Na Legas: Hajiya Nintendo daban suke, su basa tseren ƙarfin inji da kowa. Mario ko a wane inji ka saka shi yara zasu saya. Sony kuwa abin da suke sayarwa shine kyan hoto da ƙarfi, in kwamfuta ta tsere musu da nisa masu kuɗin sai su koma Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet.

'Yar Zariya: Hakane amma dai darasin ɗaya ne, jita-jita bata fito da inji. Ni na jira Switch 2 har na gaji na sayi Switch mai allon OLED a lokacin, kuma banyi nadama ba ko kaɗan, na more ta sosai kafin sabuwar ta zo, yanzu ƙannena ke amfani da ita.

Admin: Ku cigaba muna jin daɗin muhawarar, amma don Allah wanda zai kawo labari ya bambance mana abin da kamfani ya faɗa da bakinsa da abin da masu leƙen asiri ke yaɗawa. Jiya na goge wani hoto da aka turo wai PS6 ce mai kama da tukunyar gas, na AI ne.

Injiniya: To bari in faɗi wanda na san ya tabbata tunda Admin ya nema. Na ɗaya, a Fabrairu 2024 wata babbar jami'ar Sony, Naomi Matsuoka, tace PS5 na shiga kashi na ƙarshe na rayuwarta. A lokacin injin yana da shekara uku da 'yan watanni, in rabi ne wannan to shekara bakwai kenan gaba ɗaya, wannan ya taimaki Na Legas. Na biyu, Reuters sun ruwaito a Satumba 2024 cewa tun 2022 aka gama takarar wanda zai ƙera ƙwaƙwalwar PS6, Intel suka nema basu samu ba AMD suka ci, kuma ɗaya daga cikin dalilan shine ana so sabuwar ta iya buga gem ɗin PS5 ba wahala tunda PS4 da PS5 duk AMD ne a cikinsu. Na uku, wanda yafi duka muhimmanci a wajena, a Oktoba 2025 Mark Cerny, mutumin da ya tsara PS4 da PS5, ya fito a bidiyo tare da wani shugaba na AMD suna bayanin aikin da suke kira Project Amethyst, yace fasahohin da suke magana akai har yanzu a gwajin kwamfuta kawai suke, kuma yana ɗokin ganinsu a wani inji na gaba nan da 'yan shekaru. To ku fassara min 'yan shekaru. Shekara biyu 'yan shekaru ne? Ni a kunnena uku ce tafi kama.

Na Legas: Injiniya daga Oktoba 2025 zuwa Nuwamba 2027 shekara biyu da wata ɗaya ne, ya haura biyu. Kuma me kake so yace? Ya fito fili yace saura shekara biyu kowa ya daina sayen PS5 ana dab da cinikin ƙarshen shekara? Dole ya ja maganar.

Injiniya: Wannan ma magana ce. Amma ga wata alama da zamu iya sa ido akai ba sai munyi ta musu ba. Lokacin PS5, Cerny ya fara bayaninta a hira da mujallar Wired a Afrilu 2019, aka tabbatar da sunan a Oktoba 2019, aka nuna jikinta a Yuni 2020, farashi a Satumba, ta fito Nuwamba. Wata goma sha tara kenan daga maganar farko zuwa kasuwa. In 2027 ce to ya kamata cikin 2026 mu fara jin irin wannan bayanin daga bakinsu. In 2026 ta wuce shiru har aka shiga tsakiyar 2027 to Na Legas sai haƙuri.

Na Legas: PS4 fa? 20 ga Fabrairu 2013 aka sanar da ita a New York, Nuwamba ta fito. Wata tara kacal. Don haka ko 2026 ta wuce shiru ban sauka ba sai naga Maris 2027 ta wuce.

Ɗan Auta: Kai jama'a ashe abin da zurfi haka. To ni dai abin da na fahimta shine aƙalla saura shekara biyu ko?

Mai Gidan Gem: Ƙanina bari in maka maganar da duk masu lissafin nan basu taɓo ba, don su suna maganar Amurka da Japan ne ni kuma ina maganar nan inda muke zaune. Ranar da PS6 zata fito a can ba ita ce ranar da zata fito mana ba. Ka tuna yadda akayi da PS5? Ta fito ana tsakiyar korona, ga ƙarancin kayan lantarki a duniya, Turawan kansu layi suke bi a intanet basa samu, 'yan kasuwa su saye su ninka kuɗi. Sai a Janairu 2023 shugaban PlayStation na lokacin Jim Ryan ya fito yace ƙarancin ya ƙare, sama da shekara biyu kenan bayan fitowarta. Mu nan wanda ya riƙe PS5 a 2021 sai ɗan gidan wane ko wanda yayansa ke waje. Ni a shagona har yau PS4 ce ke ciyar dani, guda ɗaya ce PS5 na ajiye ta a kusurwa da talabijin ɗinta daban, kuma yaran da ke shigowa in ka tambaye su me suke so ƙwallo ce, su ɗauki Madrid ko Barca ko City a buga minti goma wanda aka ci ya biya ya miƙa hannu ga na gaba. Babu wanda ya taɓa tambayata inji nawa ne ƙarfinsa. Gem ɗin ƙwallo FC 26 da ta fito Satumba 2025 har yanzu akwai ta PS4, inji mai shekara goma sha biyu. To kai da zaka sayi PS5 yau, ko PS6 ta fito 2027 sai ka ƙara shekara huɗu ko biyar kana samun sabuwar ƙwallo a kanta. Kar ganin hadari yasa ka zubar da ruwan tulunka.

Baban Yara: Oga ka faɗi gaskiya. Ai ko PS2 haka akayi, ta fito 2000 amma sai farkon 2013 aka daina ƙera ta, har PES 2014 da FIFA 14 an yi mata. Mu da muka taso a gidajen gem mun san PS2 ta kai wajen 2015 ana bugawa a unguwa da PES ɗin da aka yi wa kwaskwarima aka saka sabbin 'yan wasa.

Mai Gidan Gem: Har yanzu akwai ƙauyukan da ita ake bugawa Baban Yara, na rantse. Bata cin wuta, ƙaramin janareta ya ɗauki guda huɗu da talabijin ɗinsu.

Ɗan Damagaram: Salam 'yan uwa, ina biye daku daga nan Damagaram. Ni tambayata ba yaushe ba ce, nawa ce. PS5 Pro a Turai yuro 800 aka fara saida ta, in ka juya a sefa ya kai jikka 525, wato sefa dubu 525, tun kafin kuɗin jirgi da duwan da ribar mai kawowa, kuma babu wurin sa faifai a jikinta sai ka saya daban. In Pro ta kai haka to PS6 nawa za a ce? Mu nan yawanci ta Kano ko Dubai kayan ke shigo mana, kowa sai ya ɗora nashi.

Injiniya: Wannan ita ce tambayar da ke hana Sony barci ma ina ga. Ku duba wani abu da bai taɓa faruwa ba. Da can inji in ya shekara uku huɗu farashinsa sauka yake, PS4 ta fara a dala 399 ta dawo 299 da Slim, wadda aka rage wa girma, ta fito a 2016. PS5 kuwa hawa take. Agusta 2022 aka ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu wurare, Agusta 2025 aka ƙara dala 50 a Amurka, a lokacin mai faifai da ta fara a 499 ta koma 549, Pro ta koma 749. Xbox ma sau biyu suka ƙara a Amurka cikin 2025. Sannan ga matsalar RAM, wato ma'ajiyar da inji ke riƙe aikin da yake kai, da ta taso a ƙarshen 2025, kamfanonin AI suna ta kwashewa suna zubawa a manyan cibiyoyinsu farashi ya tashi sosai, duk mai haɗa kwamfuta ya sani. Sabon inji kuwa dole ya fi PS5 RAM, ita 16GB gareta. In kayan haɗi sunyi tsada haka, ko dai su fito da ita da tsadar da mutane zasu gudu ko su jira kasuwa ta lafa. Kuma Sony sun taɓa ƙonewa, PS3 da suka saka wa dala 599 a 2006 sun sha wuya kafin su farfaɗo, Xbox 360 ta riga su da shekara guda kuma ta fi araha. Basu manta ba. Shi yasa nake ganin in ma 2027 suka tsara a takarda, tsadar kaya zata iya tura su 2028.

Na Legas: To amma ka kawo min hujja da bakinka Injiniya. Kace 360 ta riga su da shekara ta cinye musu kasuwar Amurka. A Yuni 2025 Sarah Bond, shugabar Xbox ta lokacin, ta fito ta sanar da yarjejeniya da AMD akan injinsu na gaba. In Xbox suka fito 2027 kana ganin Sony zasu zauna su sake basu shekara guda kyauta?

Baban Yara: Xbox ta yau ba 360 bace. A lokacin kafaɗa da kafaɗa suke, yanzu PS5 ta yi musu nisan da ko sun riga ta da shekara ba abin da zai girgiza. Mutum ya tara gem ɗinsa na shekara goma sha biyu a asusun PlayStation tun PS4, abokansa duk suna can, ba zai tashi ba don an riga da wata goma sha biyu.

'Yar Zariya: Kun manta babbar giwa fa. GTA 6, gem ɗin da kowa ke jira.

Ɗan Auta: Wallahi Anti ita ce ma dalilin da yasa nake son PS5 ɗin tun farko.

'Yar Zariya: To kaga. An ɗage ta daga 2025 zuwa 26 ga Mayu 2026, aka sake ɗagewa zuwa 19 ga Nuwamba 2026, kuma PS5 da Xbox Series kawai aka ambata, babu PS4 babu kwamfuta a farko. Miliyoyin mutane da suka maƙale a PS4 wannan gem ɗin ce zata tashe su su sayi PS5. Sony zasu sayar da inji kamar ba gobe a ƙarshen 2026 da cikin 2027. To a ce mutum ya sayi PS5 saboda GTA a Disamba 2026 sai bayan wata biyu a fito a ce masa ga PS6 nan tafe? Ni ban ga hikimar ba.

Na Legas: Hajiya ai an taɓa yi! GTA 5 ta fito 17 ga Satumba 2013 a PS3 da 360, bayan wata biyu PS4 ta fito. Babu abin da ya faru, mutane suka saya a PS3, Nuwamba 2014 aka sake fito da ita a PS4 suka sake saya, Maris 2022 aka kawo ta PS5 suka kuma saya. Rockstar masu yin GTA ma haka suka fi so, su sayar maka da abu ɗaya sau biyu sau uku. Ni ina ganin ma haka za a yi, GTA 6 a PS5 ƙarshen 2026, sannan wadda aka gyara ta fito tare da PS6 ko jim kaɗan bayanta ta zama ita ce mai jan mutane.

'Yar Zariya: Wannan kam ka kawo hujja mai ƙarfi. Amma ko a hakan shekara guda da wata biyu suka ɗauka kafin ta PS4, kuma gem ɗin yanzu sun fi ɗaukar lokaci nesa ba kusa ba.

Baban Yara: Nan ne ma abin ke min ciwo ni. Shekara biyar da PS5 amma ji nake kamar bata fara ba. Shekarun farko da yawa daga manyan gem ɗin Sony har da PS4 ake yinsu, Horizon Forbidden West, Gran Turismo 7, God of War Ragnarok a Nuwamba 2022, duk mai PS4 ya buga. Kamfanin Naughty Dog na Sony da suka bamu Uncharted uku da The Last of Us a zamanin PS3 kaɗai, a PS5 har yau babu sabuwar gem ɗinsu ko ɗaya sai gyaran tsofaffi, Intergalactic da suka nuna a Disamba 2024 ko ranar fita bata da. Suka ɓata shekaru da kuɗi akan gem ɗin onlayin, Concord ta fito Agusta 2024 sati biyu aka janye ta aka mayar wa mutane kuɗinsu. Eh akwai Spider-Man 2, akwai Astro Bot, ga Ghost of Yotei da ta fito Oktoba 2025, Wolverine kuma aka sa mata 2026. Amma wallahi injin nan ba a matse shi ba tukuna. In suka kawo PS6 a 2027 me zasu nuna mana a kanta wanda PS5 ta kasa? Daga PS1 zuwa PS2 ko makaho ya san an canza, daga PS2 zuwa PS3 haka. Yanzu sai an tsayar da hoto an zuƙo an ce ka kalli inuwar ganye.

Injiniya: Kuma inuwar ganyen ma sai kana da talabijin ɗin da zata nuna. Yawancin injinan da ake kawo min gyara in na tambaya a me ake bugawa, 32 inci ce ta gida wadda ko 1080 bata cika ba. Ni abin da zan roƙi Sony a PS6 ba hoto bane, su yi mana inji mai jure ƙura da zafi. Ku zo shagona lokacin hunturu ku gani, in na cire murfin PS5 fankar nan sai kaga ƙura ta yi mata kauri kamar an shimfiɗa bargo, ramukan da iska ke bi ta wajen wutar duk sun toshe, shi yasa take kashe kanta ana tsakiyar wasa in gem ɗin mai nauyi ce. Sai na bi da buroshi da abin hura iska a hankali, kuma ba kowa ya kamata ya buɗe can ciki ba saboda ruwan ƙarfe suka zuba akan ƙwaƙwalwar maimakon man da aka saba, in ya zubo akan allon ya gama da shi. Sai hannun buga gem ɗin, sandar hagu ta fara tafiya da kanta ɗan wasa yana gudu kai baka taɓa ba, wannan kullum sai an kawo min. Ga wuta, tana jan wajen wat 200 in ana gem mai nauyi, ga mai sola ko ƙaramin inbata wannan ba wasa bane.

Mai Gidan Gem: Injiniya ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin shago ya canza gaba ɗaya, kowane inji sai na auna abin da yake sha da abin da yake kawowa. Ga dala, lokacin da PS5 ta fito bata wuce naira 500 ba a kasuwar bayan fage, a ƙarshen 2025 kuwa tana wajen 1,400 da ɗoriya. Ko Sony basu ƙara ko sisi ba mu an ninka mana kusan sau uku. Ni abin da nake jira da PS6 ɗaya ne, ta fito Turawa su fara zubar da PS5 ɗinsu, na hannu su cika kasuwannin Alaba da Computer Village na Legas su gangaro mana Kano da sauƙi, in canza na shago gaba ɗaya. Haka akayi da PS3, haka akayi da PS4. Don haka ni ina addu'ar Na Legas ya ci musun nan, ta fito da wuri.

Na Legas: Amin oga, ka dawo layina kenan.

Mai Gidan Gem: Addu'a nace ba hasashe ba. In hasashe ne 2028 nake gani nima.

Ɗan Damagaram: Ni tsorona kar su cire faifai kwata-kwata. Mu nan sauke gem mai 100GB ba ƙaramin aiki bane, data da tsada ga rezo yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci kwana biyu kana abu ɗaya. Da faifai kuwa in ka gama ka ba abokinka ya baka nashi, ko ka kai kasuwa ka cika kuɗi kaɗan ka karɓo wata. In suka ce komai sai ta intanet sun kashe mu.

Injiniya: Tun Slim ta 2023 suka mayar da wurin faifan abin cirewa da sawa, Pro ma haka, kuma sai ka haɗa shi da intanet sau ɗaya kafin ya fara aiki. Ni ina ganin haka zasu cigaba, inji babu faifai wanda yake so ya saya daban. Cirewa gaba ɗaya zai musu wuya in dai suna so mutane su kawo tsofaffin faifan PS4 da PS5 su buga a sabuwar, wanda shine dalilin zama da AMD tun farko.

Baban Yara: Allah yasa. Amma ko faifan ma yanzu rabin magana ne, ka saka shi ya ce sai ka sauke afdet mai 30GB kafin ka shiga onlayin.

Ɗan Damagaram: Wannan da sauƙi yaya, afdet ɗin ka je wajen mai wifi ka biya ka yi sau ɗaya. Kuma mu da muke buga labari mu kaɗai ba onlayin ba yawanci faifan na tashi ko ba afdet. Ni in PS6 ta zo babu hanyar sa faifai ko da na sayen daban ne, ko 2027 ko 2028 ba zan saya ba, PS5 zan nema in zauna a kanta har sai an daina yi mata ƙwallo.

Admin: Na buɗe ƙuri'a a sama, 2027, 2028, ko bayan haka, kowa ya je ya danna nasa zan bar ta sati guda. Injiniya don Allah in ka samu lokaci ka ɗauko mana bidiyon yadda ake share fankar nan ba tare da an taɓa can ciki ba, mutum uku sun min magana ta inbos akai.

Injiniya: In sha Allah ranar Asabar, akwai guda biyu da aka kawo zan buɗe. Kafin nan duk mai PS5 ya ɗaga ta daga ƙasa ya daina sa ta cikin durowar talabijin mai ƙofa, kuma in an gama a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce ba tana da zafi ba.